Tambaya da Amsa: Baƙar fata a jam'iyyar Republican, wa ke zaɓensu, kuma me suke tararwa in sun koma gida?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan magana ɗaya suke, sai na zaɓi guda huɗu na haɗa su wuri guda. 

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ni dai tun da na fara bin siyasar Amurka abun da na sani shi ne baƙar fata Democrat suke yi, Obama Democrat, Kamala Democrat, to sai kwanaki na ga bidiyon wani sanata baƙi wai shi Tim Scott yana tsaye kusa da Trump yana ta koɗa shi, a ƙasan bidiyon kuma mutane sai zaginsa suke wai ya saida 'yan uwansa. Wai dama akwai baƙaƙe a Republican ne ko dai kuɗi ake ba su? Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Akwai su, kuma abun da zai ba ka mamaki shi ne a da can su ne ma kusan duka. Republican ai jam'iyyar Abraham Lincoln ce, mutumin da ya sa hannu kan shelar 'yanta bayi a 1863, shi ya sa bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 da aka fara barin baƙar fata maza su kaɗa ƙuri'a, can suka nufa gaba ɗayansu. Baƙi na farko da ya zauna a Majalisar Dattawa, Hiram Revels daga Mississippi a 1870, ɗan Republican ne. Joseph Rainey da ya fara shiga Majalisar Wakilai daga South Carolina a wannan shekarar shi ma haka. Democrat kuwa a jihohin kudu lokacin ita ce jam'iyyar tsofaffin masu bayi, daga baya kuma ita ta kafa dokokin wariya ta riƙe su shekara da shekaru. Condoleezza Rice, wadda ta yi sakatariyar harkokin waje daga 2005 zuwa 2009, ta taɓa faɗa a babban taron jam'iyya na shekarar 2000 cewa mahaifinta ya zama ɗan Republican ne saboda a Alabama ta 1952 'yan Democrat sun ƙi yi masa rajistar zaɓe, 'yan Republican suka yi masa.

To ina aka kwana? Juyin ba rana ɗaya ya faru ba. Ya soma ne lokacin matsin tattalin arzikin shekarun 1930, da Shugaba Roosevelt na Democrat ya kawo shirye-shiryen tallafi da ayyukan yi, talaka baƙi da ke Chicago ko New York ya ga abun da zai sa a tukunya daga hannun Democrat yake fitowa. A 1934 Oscar De Priest, baƙi ɗan Republican mai wakiltar wani yanki na Chicago, ya sha kaye hannun Arthur Mitchell, wanda ya zama baƙi na farko ɗan Democrat a majalisa. Amma duk da haka ƙofa ba ta rufe ba, don ko a 1960 Nixon, ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican, ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un baƙar fata. Abun da ya tsinke igiyar shi ne 1964. A shekarar Shugaba Johnson na Democrat ya sa hannu kan dokar haramta wariyar launin fata, ita kuma Republican ta tashi ta tsayar da Barry Goldwater, sanatan da ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da wannan dokar. Ƙuri'un baƙar fata da ya samu ba su wuce kashi 6 cikin 100 ba. A wannan shekarar ce kuma Strom Thurmond, sanatan South Carolina da ya yi ƙaurin suna wajen kare wariya, ya kwashe kayansa daga Democrat ya koma Republican, fararen kudu suka riƙa bin sahunsa kaɗan-kaɗan. Tun daga nan har yau babu ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican da ya kai kashi 20 a wajen baƙar fata.

Ka ga ke nan zagin da ka gani a ƙasan bidiyon ba daga sama ya faɗo ba, dattijuwar da aka kora daga layin zaɓe tana budurwa ta ga waɗanda suka kore ta sun sauya riga, ba za ka zo ka ce mata ta manta ba.

Maganar kuɗi kuma, ni ban yarda da ita ba a yanda ka kawo ta. Da yawansu da gaske suke, sun yi imani da rage haraji, da barin iyaye su zaɓa wa 'ya'yansu makaranta ko da kuɗin gwamnati ne, suna ƙin zubar da ciki, suna ganin tallafin gwamnati ya fi kashe zuciya fiye da tada mutum. Kana iya cewa sun yi kuskure amma ra'ayi ne, kuma ba jiya aka fara shi a cikin baƙar fata ba. Sai dai fa gaskiya ɗaya ce, jam'iyyar tana matuƙar buƙatar fuskokinsu, baƙin da ya shigo Republican yau nan da nan ake miƙa masa makirfo a ɗora shi kan dandamali, abun da takwaransa a Democrat zai shekara goma yana layi bai samu ba. To a irin wannan kasuwa dole a samu 'yan neman suna sun cakuɗu da masu aƙida.

Shi Tim Scott ɗin da ka gani labarinsa ya fi bidiyon nan faɗi. Uwa ce kaɗai ta raine shi a North Charleston da ke jihar South Carolina, kuma a 2010 wanda ya kayar a zaɓen fidda gwani kafin ya shiga Majalisar Wakilai ba kowa ba ne illa Paul Thurmond, ɗan wancan Strom Thurmond ɗin. A farkon 2013 ya shiga Majalisar Dattawa bayan gwamna Nikki Haley ta naɗa shi, ya zama baƙi na farko daga kudu a wannan zaure tun 1881. A Yulin 2016 ya miƙe a gaban sanatoci ya ba da labarin yanda 'yan sanda suka tsayar da shi a mota har sau bakwai cikin shekara ɗaya alhali yana riƙe da muƙami, da yanda wani ɗan sandan majalisa ya tare shi a ƙofa, ga bajon sanata a maƙale a kwat ɗinsa, ya ce bajon dai ya gane amma shi bai gane shi ba, ya fito da katin shaida. Shi ɗin ne kuma dai a 2021 ya fito a talabijin yana mayar wa Biden martani ya ce Amurka ba ƙasar wariyar launin fata ba ce, kafin gari ya waye an cika Twitter da yi masa laƙabin ɗan koren Turawa. Mutum ɗaya ne ya faɗi duka biyun, kowane ɓangare kuma wanda ya yi masa daɗi kawai yake tunawa.

Tambaya: Malam barka da aiki. In har 'yan uwansu ba sa zaɓensu to ta ina suke cin zaɓe? Ni abun ya ɗaure min kai wallahi. Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Barka kadai malam. Fararen fata ne ke zaɓensu, amsar ke nan a taƙaice, kuma duk sauran abun da ke damunsu daga nan ya samo asali.

Bi su ɗaya bayan ɗaya ka gani. Edward Brooke da ya ci sanata a 1966, baƙi na farko da talakawa suka zaɓa kai tsaye zuwa Majalisar Dattawa, daga Massachusetts ya fito inda baƙar fata 'yan tsiraru ne ƙwarai a lokacin. J.C. Watts daga Oklahoma, ya yi majalisa daga 1995 zuwa 2003. Mia Love, baƙar mace ta farko 'yar Republican a majalisa, a 2014 ta ci daga Utah, jihar da baƙar fata ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Shi kansa Scott, baƙar fata sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jiharsa amma mafi yawansu abokin hamayyarsa suke dangwala wa duk lokacin da aka zo zaɓe. Mazaɓun da baƙar fata suka fi rinjaye kuwa, irin na cikin Detroit ko Atlanta ko Baltimore, ɗan Republican in ya tsaya a can ya san dai ya tsaya ne don a ga fastarsa.

Jam'iyyar ta sha gwada dabarar tsayar da baƙi da tunanin zai ja 'yan uwansa, ba ta cika haihuwar ɗa mai ido ba. A 2006 ta tsayar da uku a manyan kujeru, Lynn Swann takarar gwamnan Pennsylvania, Ken Blackwell ta gwamnan Ohio, Michael Steele ta sanatan Maryland, duka ukun suka faɗi. Gwaji mafi fitowa fili shi ne na Georgia a 2022, baƙi da baƙi, Herschel Walker tsohon tauraron ƙwallon Amurka da Trump ya ɗaga wa hannu, da Raphael Warnock na Democrat, limamin cocin Ebenezer da ke Atlanta inda Martin Luther King ya yi wa'azi. Har zagaye na biyu aka je a watan Disamba, Warnock ya ci da ƙyar, amma a cikin baƙar fata babu wani da ƙyar, kusan tara cikin goma shi suka bi. Launin fatar Walker bai saya masa komai ba. Har zuwa ƙarshen 2025 ma baƙaƙe uku kacal aka taɓa zaɓa gwamna a tarihin ƙasar, Douglas Wilder a Virginia, Deval Patrick a Massachusetts, Wes Moore a Maryland, kuma duka 'yan Democrat ne. A ɓangaren Republican, Daniel Cameron ya nema a Kentucky a 2023 bai samu ba, Mark Robinson a North Carolina a 2024 ya sha mugun kaye, duk da shi nasa abun kunyar da ya taso masa ana tsakiyar kamfen ne ya ƙarasa shi.

To yanzu ka sa kanka a matsayin mutumin. Masu ɗora ka kan kujera daban, waɗanda za ka tarar a gidan biki da jana'iza daban. Ranar da wata fitina ta launin fata ta tashi, kyamara kai za ta fara nema, in ka yi magana irin ta unguwa masu zaɓenka su ce ashe kai ma irin su ne, in ka yi irin ta jam'iyya a gida a ce ka ci amana, gaba kura baya siyaki. Cameron ya ɗanɗani wannan a 2020 yana babban lauyan gwamnatin Kentucky, lokacin da 'yan sanda suka harbe wata baƙar mace, Breonna Taylor, a cikin gidanta a Louisville. Shi ya fito a watan Satumba ya sanar cewa babu ɗan sandan da za a tuhuma da kisanta, ɗaya kawai aka tuhuma shi ma don harsashinsa ya shiga gidan maƙwabta. Baƙar fatan birnin da yawa ba su yafe masa ba.

Mia Love kuma ta ɗaya gefen ta sha nata. Iyayenta 'yan Haiti ne, da aka ruwaito Trump ya zagi Haiti da ƙasashen Afirka da wata mummunar kalma a Janairun 2018 sai ta fito ta ce bai kyauta ba, ya nemi afuwa. A Nuwamba ta faɗi zaɓe da ƙuri'un da ba su kai 700 ba, shi kuma tun ba a gama ƙirga ba ya tsaya gaban 'yan jarida yana mata shaguɓe da sunanta wai ba ta nuna masa ƙauna ba. A jawabin da ta yi na amsa kaye ta faɗi maganar da nake ganin ta fi duk wani sharhi, ta ce abun ya nuna mata yanda ake kallon tsiraru, babu zumunci na gaskiya, sai dai cinikin biyan buƙata. Ta rasu a Maris na 2025.

Ko a cikin majalisar ma ba su da wurin zama guda. Akwai ƙungiyar 'yan majalisa baƙar fata da aka kafa a 1971, kusan duk 'yan Democrat ne a ciki. Gary Franks na Connecticut ya shiga a farkon shekarun 1990 aka yi ta rigima da shi, Watts da Scott suka ƙi shiga, Love ta shiga bayan ta taɓa cewa za ta wargaza ta daga ciki sai ga shi ta yi ƙawaye a can, Byron Donalds na Florida kuma a 2021 ya ce shi ya nema an hana shi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni a Amurka nake aikin jinya, akwai wata abokiyar aikina baƙar fata 'yar asalin nan, mata mai riƙo da addininta sosai kullum tana coci, ba ta yarda da zubar da ciki ba ba ta yarda da auren jinsi ba, in muna hira har mamaki nake yanda ra'ayinmu ke zuwa ɗaya kan tarbiyya, amma tun da ƙaninta ya ce Trump ya zaɓa ta daina ɗaga wayarsa har cin abincin da suke haɗuwa duk shekara ba ta gayyace shi ba, ni kuma na kasa ganewa tunda ai abun da ta yi imani da shi Republican ne ke faɗa, in sa baki ne ko in yi shiru? Daga wata 'yar uwa mazauniyar Amurka.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya taimaka. Abokiyar aikin nan taki ba ita kaɗai ba ce, irinta miliyoyi ne, kuma wannan tambayar taki ita ce ta fi wahalar da masu nazarin siyasar ƙasar. Baƙar fatan Amurka sun fi fararenta zuwa coci da riƙo da addini, kuma a binciken cibiyar Pew kusan ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen da ke zaɓen Democrat da bakinsu suke cewa su masu ra'ayin riƙau ne. Wato riƙau ɗin yana nan daram a cikin gida, ƙuri'ar ce ba ta bin sa.

Dalili na farko shi ne ita ba ta ɗauki ƙuri'a a matsayin jin ra'ayinta kan zubar da ciki ba. Tambayar da take yi wa kanta a rumfar zaɓe ita ce wace jam'iyya ce in ta hau za a fi taɓa mu, mu duka, a wajen 'yan sanda da kotu da asibiti da rajistar zaɓe. Tarihi ya koya musu cewa abun da ya samu baƙi ɗaya saboda fatarsa yana iya samun kowa, likita ne ko mai shara, don haka ake yin zaɓe a dunƙule. Na biyu kuma, dunƙulewar nan ba haka kawai take tsayawa ba, gadinta ake yi. Wasu malaman jami'a biyu, Ismail White da Chryl Laird, sun fitar da littafi a 2020 kan wannan, cikin abun da suka nuna har da cewa baƙi ya fi saurin cewa shi ɗan Democrat ne in mai yi masa tambayar baƙi ne ɗan uwansa, fiye da in fari ne. Ma'ana akwai idon jama'a a ciki. A coci ake sanar da ranar zaɓe, a jihohi da dama daga ibadar Lahadi ake ɗiban mutane a bas zuwa rumfa, a shagon aski da wajen gyaran gashi ake tattauna wa za a yi, to wanda ya ware ba jam'iyya kawai ya bari ba a idonsu, ya fita daga sahu ne. Shi kansa J.C. Watts da na ambata a sama, mahaifinsa ɗan Democrat ne, an kuma ruwaito shi yana cewa baƙi ya zaɓi Republican tamkar kaza ce ta zaɓi mai soya kaji. Uba ke nan fa yana magana a kan jam'iyyar ɗansa.

Ni a nawa ganin nan ne aka fi zaluntar ƙaramin mutum. Ɗan siyasa in an zage shi yana da kujera da albashi da gidan talabijin da zai je ya kai kuka, wani lokacin ma zagin ne ke ƙara masa farin jini a jam'iyya, ya sa shi a takardar neman gudummawar kamfen. Ƙanin abokiyarki ba shi da ko ɗaya, kujerarsa a teburin gidansu kawai ya rasa. Kuma 'yan Democrat suna da nasu laifin wajen ɗaukar ƙuri'ar nan kamar gadon gidansu, ki tuna a Mayun 2020 Biden ya ce wa wani mai gabatar da shirin rediyo baƙar fata duk wanda ya kasa zaɓa tsakaninsa da Trump to shi ba baƙi ba ne, ranar ya dawo yana janye maganar amma ta riga ta fita.

Ƙanin nata ma ba shi kaɗai ba ne. A 2016 Trump ya samu wajen kashi 8 na ƙuri'un baƙar fata, a 2024 ƙididdiga daban-daban sun sa shi tsakanin 13 da 16, kuma ƙarin daga maza ya fi fitowa, musamman matasa, kusan namiji ɗaya cikin biyar, mata kuwa kusan tara cikin goma suna nan inda suke. Rabuwar da kika gani tsakanin yaya da ƙani ita ce dai ke cikin alƙaluman. Samarin nan ba su ga 1964 ba, da yawansu ba sa zuwa coci kamar iyayensu, abun da suka sani shi ne haya ta yi tsada kuma unguwarsu shekara hamsin Democrat take zaɓa ba su ga ta canja ba.

Batun sa baki, ki bi a hankali Hajiya. Ke baƙuwa ce da kika zo da fasfo da takardar aiki, ita kuma jikar waɗanda aka kawo cikin sarƙa ce, in kika buɗe baki kika ce ai Republican sun fi dacewa da ita za ta ji kamar kin zo koya mata tarihin gidansu, dama akwai ɗan tsami tsakanin 'yan asalin can da 'yan Afirka sabbin zuwa kan irin wannan. Ki bar siyasar gefe, ki yi mata maganar zumunci kawai, wannan yaren ta san shi daga cocinta, ki tambaye ta ko ta taɓa zama ta ji dalilinsa daga bakinsa.

Tambaya: Malam ita kuma Kemi ta Ingila fa, layinsu ɗaya da waɗannan? Daga wata mai karatu.

Amsa: Da kama amma ba ɗaya ba, ƙanwata. Kemi Badenoch ta zama shugabar jam'iyyar Conservative a Nuwamban 2024, baƙar fata ta farko da ta jagoranci babbar jam'iyya a Birtaniya, kafin ita kuma Kwasi Kwarteng ya riƙe ma'aikatar kuɗi na 'yan makonni a 2022, James Cleverly ya riƙe ta harkokin waje. Inda suka yi kama da na Amurka shi ne mazaɓa, ita ma daga wani yanki na Essex da farare suka cika take fitowa tun 2017, baƙar fatan Landan kuwa Labour suka fi yi. Gorin ma iri ɗaya ne, a 2022 wata 'yar majalisa ta Labour, Rupa Huq, ta ce Kwarteng baƙi ne a fata kawai, har jam'iyyarta ta dakatar da ita ta kuma ba da haƙuri.

Bambancin shi ne tarihi. Baƙar fatan Birtaniya yawancinsu su ko iyayensu ko kakanninsu ne suka je da ƙafarsu daga Karebiyan da Afirka bayan yaƙin duniya na biyu, babu wata shekara guda irin 1964 da ta ɗaure su da jam'iyya ɗaya, don haka ɗan Ghana ko ɗan Najeriya mai shago ko likita ya zaɓi Conservative ba ya jawo masa irin abun da ƙanin waccan matar ya gani. Ita Kemi rigimarta ma ta fi yawa da ƙasar da ta girma a ciki, a Wimbledon aka haife ta a 1980 amma a Legas ta tashi, kuma irin maganganun da take yi kan Najeriya ne suka sa a Disamban 2024 mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ce in ba ta alfahari da asalinta tana iya cire Kemi daga sunanta.